Farin Magi, Daddawa da Gishirin da Ba a Lissafawa

Da wuya hirar abinci ta yi nisa a majalisa ba a tsine wa farin magi ba. Ana farawa ne da tuna baya: tuwon dawa da miyar kuka na gidan kaka, ɗumamen safe da man shanu, ko wata mai tuwo-tuwo ta bakin tasha da ta rasu da sirrin miyarta. Can sai wani ya ce ai abincin yanzu duk kemikal ne, wani ya ɗora da cewa farin magi na kashe ƙoda, yana rage wa namiji kuzari, har tabon tufafi ake cirewa da shi. A watse a kan cewa a koma wa daddawa a huta. Ni ma ɗan goyon bayan daddawa ne, amma hujjar da ake kafawa ba ta zauna ba.

A dubi yadda ake yin daddawar. Ana dafa kalwa wuni guda ko a kwana ana iza mata wuta, a surfe ta, a wanke, a sake dafawa, sannan a zuba a kwando a lulluɓe da ganye ko buhu kwana biyu zuwa uku. A wannan lulluɓin ne wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, dangin Bacillus, ke farfasa sinadarin gina jiki da ke cikin ƙwayar. Warin da ke sa maƙwabta su san ana daddawa daga nan yake. Daga nan ne kuma ake samun wani sinadari mai suna gulutamet, wanda shi ne ke sa miya ta yi garɗin da ba zaƙi ba, ba tsami ba, ba kuma na gishiri ba.

To wannan gulutamet ɗin dai shi ne farin magi. A 1908 wani malamin kimiyya a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya tace shi daga ciyawar teku da Japanawa ke yin romo da ita, ya haɗa shi da sodiyam don ya zama gari, a shekarar da ta biyo baya aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Yau ana samar da shi ne ta hanyar tsima ruwan rake, ko sitacin rogo ko na masara, da wasu ƙananan halittun. Wato aikin da Inna ke yi a kwando shi ake yi a manyan tankuna. Wanda ya sha rake da wanda ya zuba sukari a koko zaƙi ɗaya suka sha, kuma ciki ba ya tambayar daga ina ya fito. Akwai gulutamet a tumatir, da busasshen kifi, da nama. Nonon uwa ma yana da shi fiye da na saniya nesa ba kusa ba. Batun cire tabo kuwa, ko da gaskiya ne ba hujja ba ce, don da lemun tsami ake goge tukunya kuma ba wanda ya daina matsa shi a kwaɗo.

Tsoron ma shigo da shi aka yi. A 1968 wani likita a Amurka, Robert Ho Man Kwok, ya rubuta wa wata mujallar likitoci wasiƙa cewa yakan ji kasala da bugun zuciya in ya ci abinci a gidajen abincin 'yan Sin, ya lissafa abubuwan da yake zargi, ciki har da wannan. Wasiƙa ce kawai, ba bincike ba, amma jaridu suka yi ta yayatawa. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya, inda ake ba mutane abin ba tare da sun san ko shi ne ko ba shi ba, ba su tabbatar da zargin ba. Iyakar abin da aka gani, wasu ƙalilan kan ji ɗan ciwon kai na ɗan lokaci in sun sha giram 3 ko fiye ba tare da abinci ba. A 1987 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya bai ga dalilin sa masa iyaka ba. Turawan Turai sun fi taka-tsantsan: a 2017 suka sa miligiram 30 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana.

Abin da ya kamata a yi hayaniya a kai yana nan a gefe ba mai kula shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi bai cika ba. Ɗunƙulen magi ɗan ƙarami mai giram 4 kuwa kusan rabinsa ko fiye gishiri ne zalla. A leƙa tukunyar gida: an murmushe ɗunƙule biyar ko shida, an barbaɗa farin magi, sannan an ɗebo gishiri da hannu kamar ba a sa komai ba. A teburi ga yaji, shi ma an daka shi da magi da gishiri. Da dare a tsaya wurin mai shayi, ya juye ƙullin ɗanɗanon taliya duka, ya ƙara ɗunƙule a cikin ƙwai. Masu gidajen abinci sun fi kowa sakin hannu, don sun san abin da ke dawo da mai saye. Hawan jini ta nan yake shigowa, shi kuma ke jawo shanyewar ɓarin jiki da lalacewar ƙodar da ake ɗora wa farin magi. Abin dariyar, sodiyam ɗin da ke cikin farin magi kusan kashi 12 ne cikin ɗari, na gishiri kuwa kusan 40. Matar da ta jefar da farin magi don tsoro ta cike gurbin da gishiri ta ƙara wa maigida hawan jini ne.

Miyar zamanin da kuma da ake kewa ba tatsuniya ba ce. Tana daɗewa a kan murhu, ga ƙashi, ga kifi, ga daddawa, kuma nama da kifi na da wani sinadarin da in ya gamu da gulutamet garɗin ke ninkawa. Harshe ma sabo yake yi. Wanda ya saba da gishiri mai yawa zai ji miyar kakarsa salam ko da yau aka tashe ta ta dafa masa. In an rage a hankali, cikin 'yan makonni bakin kan daidaita.

Inda nake ganin gazawar hukumomi shi ne, adadin gishirin da ke jikin kwali an rubuta shi da Turanci, da ƙananan haruffan da sai an sa tabarau, alhali mai girkin ɗunƙule biyu-biyu take aiken yaro ya sayo, ba ta taɓa ganin kwalin ba. Ga kuma wani farin garin da ake aunawa daga buhu a ƙulla a leda a kasuwanninmu, ba suna, ba lambar NAFDAC, mai sayarwa kansa bai san me aka gauraya a ciki ba. Wannan kam ya cancanci a guje shi, kuma a fili ake sayar da shi.