Yoyon Baƙin Mai A Tsohuwar Fijo: Ɗaure Noti Da Ƙarfi Ba Magani Ba Ne

Daga Wakilinmu na Arewa, Kafanchan

Mutumin Kudancin Kaduna da ke neman abinci a Agege ko Sabon Ibadan, in ya ji an ce Fijo, watau Peugeot 504, sai ya tuna gida. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, a 1975 kuma aka buɗe kamfanin harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna. Yanzu an daina yin ta, amma akan ga tsofaffinta tsakanin Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi suna jigilar mutane da buhunan citta. Wasu ma ƴan ci-rani ne suka saya wa ƙannensu don su riƙa ciyar da gida.

Babbar cutar waɗannan motoci ita ce yoyon baƙin mai daga marfin saman inji, wanda makanikai ke kira tof-koba. Tsakanin marfin da kan inji akwai gasket mai hana mai fita. In zafi ya daɗe yana gasa shi, sai ya bushe ya tsage.

To, injin Fijo a karkace yake zaune, saboda haka mai yakan taru a gefen da ya yi ƙasa, inda salansa ta fito. Da ya ɗiga a kan ƙarfe mai zafi sai hayaƙi da ƙauri su tashi, wani lokaci har wuta. Har ila yau, fulogoginta a cikin rami suke ta tsakiyar marfin, kowane da robarsa. Idan robar ta mutu, mai ya cika ramin, sai mota ta riƙa shaƙewa a hawan tudu. Direban da bai damu da duba mai ba, wata rana inji zai buga masa a daji, kuɗin gyara ya ninka na gasket sau da yawa.

Abin da yawancin direbobi ke yi shi ne su ɗauki sifana su ƙara ɗaure noti, ko su sa yaron gareji ya lafta gam. Duka biyun ɓarna ne. Marfin falle ne marar kauri. Ɗaurin ƙarfi yana lanƙwasa shi, ya murƙushe gasket, yoyo ya ƙaru. Gam kuwa in ya yi yawa, yakan ɓalle ya faɗa cikin inji ya toshe hanyar mai.

Ga yadda ƙwararru ke yi. Sai a bar inji ya huce. A kankare tsohon gasket sarai, ba tare da an karce kan inji ba, domin alminiyam ne. A wanke fuskokin biyu, a bar su su bushe. Sannan a kifa marfin a kan gilashi ko wani abu mai shimfiɗe, a ga ko ya lanƙwashe. In haka ne a daidaita shi a hankali. A sa sabon gasket tare da sababbin robobin fulogi. Noti kuwa a fara da hannu, a riƙa bi ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, har su zauna daidai. Bayan kwana biyu ana aiki a sake dubawa.

Amma fa akwai abin da ake yawan mantawa, watau tiyon numfashin inji. In ya toshe, iska takan matsa daga ciki ta turo mai waje, ko da gasket sabo ne fil.

Saboda haka wanda ya bar mota a gida, in an aiko masa neman kuɗin baƙin mai kowane mako, sai ya tambaya ko an duba marfin da tiyon. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.