Nawa ake bin ka? Hanyar fita daga bashi ba tare da an fasa ɗora tukunya a gida ba

Bari in yi maka wata tambaya, ba sai ka ba ni amsa a fili ba: yanzu haka, nawa ake bin ka? Ba "'yan kuɗi ne kaɗan" nake son ji ba. Adadi nake nufi, har da ɗari biyar ɗin mai shayi da katin da ka ranta daren jiya. In ka tsaya kana ƙirga da yatsu, ko ka ji gabanka ya faɗi, to rubutun nan naka ne. Ke ma 'yar uwa da kike karantawa kina murmushi, kuɗin ankon nan da kika ce "sai ƙarshen wata" yana cikin lissafi.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne. Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, daga Babbar Kasuwa zuwa ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da wuya ka samu matashin da ba a bin sa ko sisi. Sai dai da yawanmu mun ɗauki ɓoye bashi a matsayin rufin asiri, alhali bashin da aka ɓoye shi ya fi saurin girma. Ba ka san adadinsa ba, gida ba su san da shi ba, wanda ke bin ka bai san ranar da za ka biya ba. A haka ake wayar gari dubu ashirin ta zama dubu sittin.

Ba sakacinka ne kaɗai ba

Kafin a ɗora maka laifi duka, a tuna yadda aka zo nan. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Kuɗin Napep ya tashi, tiyar masara da ta gero suka bi sahu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A farkon 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari.

An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a watan Yulin 2024, gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ita ma ta amince da shi a ƙarshen shekarar. Amma ba kowa ne wannan ya shafa ba. Mai ɗinki, mai POS, mai gyaran waya, malamar makarantar kuɗi da ɗalibin da ke jiran a turo daga gida, kowa da nasa lissafin. Ga kuma nauyin da ke kan matashin Bakatsine: ko ba ka yi aure ba, akwai maganin Hajiya, kuɗin makarantar ƙanne, da ɗan abin da ake sa ran za ka ajiye na cefane. Saboda haka cin bashi ba abin kunya ba ne. Abin dubawa shi ne yadda za a fita.

Mataki na farko: ɗauko biro

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. Mu kuwa ko a wayar da ke hannunmu awa ashirin da huɗu ba ma rubutawa. To yau ka samu takarda, ka ja layi huɗu: sunan wanda ke bin ka, nawa ne, yaushe ka ce za ka biya, da kuma ko bashin yana ƙaruwa in ka yi jinkiri.

Kada ka tsallake ƙanana. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Misali, in ka ranci katin Naira 100 a layin wayarka, galibi 85 ake ba ka, a cire 100 ranar da ka sa kati. Kashi 15 cikin ɗari ke nan a kan bashin kwana ɗaya ko biyu. In kana yin haka sau uku a mako, kai da kanka ka yi lissafin abin da ke zurarewa a shekara.

Ranar da ka ga jimillar a rubuce ƙila ka kasa barci. Ba komai. Daga ranar ne ka san girman abin da kake faɗa da shi.

Wa za a fara biya?

Ba duka bashi ne ɗaya ba, don haka ba a raba musu kuɗi daidai wa daida.

Na farko shi ne wanda ke haihuwa, wato bashin manhajojin waya masu kuɗin ruwa. A ce ka karɓi 20,000, aka ce ka mayar da 24,000 bayan mako biyu. Dubu huɗu ba ta yi kama da abin tsoro ba. Amma in kana biya kana sake karɓa duk mako biyu, a shekara ka yi zagaye 26, ka ba su 104,000 na ruwa kawai, uwar kuɗin kuma tana nan daram. Ko ba don haramcin riba ba, lissafin kansa ya isa ya sa ka gudu. Wannan shi za ka fara kashewa, ka goge manhajar, kada kuma ka karɓa daga ta biyu don ka biya ta farko.

Na biyu shi ne bashin da jarin wani ya maƙale a cikinsa: mai shagon unguwa, mai awo, matar da ke sayar da atamfa a cikin gida. Shinkafar da ka ɗauka wata uku da suka wuce, in ka biya yau, kuɗin ba zai sayo masa irin ta ba. Jinkirinka asara ce a gare shi. Zubin adashi ma nan ya faɗo, domin in ka ɗauka ka daina zubi, ba uwar adashi kaɗai ka cuta ba, har da duk wanda ke jiran kwasarsa.

Na uku bashin 'yan uwa da abokai. Su ne suka fi haƙuri, shi ya sa muke barin su a ƙarshe, amma kada haƙurinsu ya sa ka yi shiru. Ka kira, ka ce: "Yaya, dubu ashirin ɗin nan ban manta ba. Ba zan iya ba ka a dunƙule ba, amma duk ƙarshen wata zan turo dubu biyar daga watan gobe." Mafi yawan masu bin bashi ba rashin kuɗin ne ke ƙona musu rai ba, ƙin ɗaga waya ne da sauya hanya in an hango su, musamman in sun ga ka ɗora hoton sabuwar shadda a WhatsApp.

Ga misali da albashin 70,000

A ce ana bin ka 65,000: manhaja 20,000, mai shago 15,000, aboki 10,000, yayanka 20,000. Ranar da alat ya shigo, kafin ka fita majalisa, ka raba kuɗin haka: cefane ko gudummawar gida 30,000, kuɗin abin hawa 12,000, data da kati 5,000, wuta da magani 5,000, biyan bashi 13,000, ajiyar ko-ta-kwana 5,000. In ba ka ƙara cin wani ba, cikin wata biyar zuwa shida ka fita.

Za ka ce me ya kawo ajiya ga wanda ake bi bashi? Ai rashin ta ne ke mayar da mutum ruwa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da yaro da tsakar dare, ko tayar babur ta fashe, in babu dubu biyar a gefe, manhajar da ka goge za ka sake saukewa. Kuma ka lura ba a taɓa kuɗin abinci ba. Tsarin da zai sa gida su kwana da yunwa ba zai kai wata biyu ba.

In kuɗinka kullum suke shigowa ba wata-wata ba, ka mayar da lissafin na kullum. Naira 450 a rana ita ce 13,500 a wata. Ka jefa a asusu, ko ka miƙa wa mai shagon kai tsaye ya riƙa ragewa a littafinsa a gabanka.

A sanar da gida

Nan ne abin ya fi wuya. Magidanci matashi yana ganin in matarsa ta san ana bin sa, girmansa ya faɗi. Ita kuma tana ganin yana da shi ne yake hana ta, sai ta ci gaba da kawo buƙatu: ankon bikin ƙawa, kayan barka, ɗinkin Sallah kala uku. Shi ya ciwo bashi don ya fita kunya, ita ba ta san ta ƙara masa nauyi ba. Haka ma tsakanin ɗa da iyaye. Sun ga kana fita aiki kullum, sun ɗauka akwai.

Ka zaunar da ita, ka nuna mata takardar nan. Ka ce: "Ga abin da ke shigowa, ga abin da ake bin mu, ina so mu gama kafin azumi." Za ka sha mamakin yadda macen da ta san gaskiyar lissafi ke iya juya tukunya. Ke ma in kina da bashin kayan ɗaki ko na atamfa da maigida bai sani ba, gara ya ji daga bakinki da ya ji daga bakin mai kayan a ƙofar gida. Iyaye kuwa, ka yanka musu abin da za ka iya yi duk wata ba fashi, ko kaɗan ne. Ya fi musu amfani da babbar kyauta sau ɗaya wadda bashi ne a bayanta.

Sai maganar biki da suna. Zumunci wajibi ne, anko ba wajibi ba ne. Ka je ɗaurin aure da tsohuwar rigarka wankakkiya, ki je wuni da atamfar da kike da ita, a ba da gudummawa daidai ƙarfi. Wanda zai yi fushi don ba ka ci bashi ka faranta masa ba, ranar da masu bin ka suka zo ba za ka gan shi ba.

In masu manhaja sun fara barazana

Da yawa sun san salon: kwana ɗaya da wucewar wa'adi, sai saƙonni su fara shiga wayoyin surukai da malamai ana kiran mutum ɓarawo. Ka sani wannan ya saɓa wa doka. A 2021 hukumar NITDA ta ci wani kamfanin bashi tarar Naira miliyan 10 kan irin wannan tona asiri. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta wajabta wa kamfanonin bashin waya yin rajista, ta kuma fito da ƙa'idoji masu tsauri a 2025. Tun ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji da ke Play Store leƙa lambobi da hotunan da ke wayarka. Ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. In an yi maka haka, ka ɗauki hoton saƙonnin, ka kai ƙorafi FCCPC.

Amma wannan ba lasisin cinye kuɗin mutane ba ne. Sauya layi ba ya goge bashi, tunda BVN ɗinka ɗaya ne. Tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin da ke ba banki damar cire bashinsa daga sauran asusunka na wasu bankuna. Akwai kuma kamfanonin da ke adana tarihin masu cin bashi. Sunan da ya ɓaci a can zai iya tare maka hanya ranar da kake neman jarin gaske.

Ƙofofin da ba su da ruwa

In kai ɗalibi ne a makarantar gwamnati, kafin ka nufi manhaja don kuɗin rajista, ka duba asusun NELFUND da aka buɗe a watan Mayun 2024. Ba shi da kuɗin ruwa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ana ba da 20,000 a wata na ɗawainiya, biya kuma sai shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa, kashi 10 cikin ɗari na abin da kake samu. Sai dai ka riƙe a ranka cewa shi ma bashi ne, ba rabon gwamnati ba.

Adashi da mutanen da ka yarda da su hanya ce da iyayenmu suka daɗe suna tara jari da ita. Wanda kuma bashi ya yi wa katutu ta hanyar halal, kamar jinya ko karyewar jari, yana cikin rukunai takwas da suka cancanci zakka. Ba roƙo ba ne in ya kai kukansa ga limamin unguwa ko mai hali a dangi.

Abin da ba ƙofa ba ne shi ne caca da "zuba dubu goma ka kwashi ashirin". Waɗanda suka ga yadda MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, da yadda CBEX ta yi a Afrilun 2025, sun san ƙarshen labarin. Duk wanda bashi ya matsa shi ne farkon wanda irin waɗannan ke farauta.

A garin nan, in an yi rasuwa, kafin a kai mamaci makwancinsa za ka ji an yi shela cewa duk wanda ke bin sa bashi ya nemi magada. Sau da yawa 'ya'ya da mata a ranar suke fara jin labarin, babu takarda, babu shaida, sai rantse-rantse. Kada ka bar wa naka wannan aikin. Kafin ka rufe wayar nan, buɗe wurin rubutu, ka sa suna na farko da adadinsa. Gobe da safe ka kira shi, ka faɗa masa ranar da zai fara ganin kuɗinsa. Allah ya rufa mana asiri, ya hore mana abin biya.