"Mama, ai an ce tana yin komai": abin da ya kamata ki sani kafin ki saya wa yaro na'urar gem

In kina da yaro da ya haura shekara goma, da wuya a ce sunan PS bai taɓa shiga tsakar gidanki ba. Yau ki ji ya tsaya gidan gem a hanyar dawowa daga makaranta, gobe ki nemi canjin cefane ki rasa. Wata rana kuma sai ya zo ya zauna kusa da ke da ladabin da ba ki saba gani ba, ya ce in aka saya masa tasa ta kansa, ya daina fita ke nan. Kuma ki duba, maganar tasa ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Uwa da yawa ta gwammace ɗanta ya zauna a falo tana ganinsa, da ya je ya cakuɗu da waɗanda ba ta san tarbiyyarsu ba.

Matsalar tana farawa ne sa'ad da ya ce ba kowacce yake so ba, sai sabuwar da ta fito. Sai ya jero miki abubuwan da za ta yi, kamar wanda ya haddace. Ba ƙarya yake miki ba. A bidiyo ya gani, kamfanin ne da kansa ya faɗa. Abin da bai lura da shi ba shi ne, rabin maganar da "za ta" aka yi ta, ba da "tana" ba.

Mu ɗauki PlayStation 5, tunda ita ce a bakin yaranmu. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da ita a watan Nuwamba na 2020, a kan dala 499 mai cin faifai, dala 399 wadda ba ta ci. A jikin kwalinta an buga tambarin 8K ɓaro-ɓaro. Ma'anarsa hoto mai tsananin kyau: talabijin mai 4K tana haɗa hotonta da ɗigo kusan miliyan 8, mai 8K kuwa miliyan 33. Duk wanda ya ga kwalin zai ɗauka da an jona ta za ta fitar da wannan hoton. Ina! Bayanin kamfanin shi ne za a buɗe wannan damar nan gaba, in lokaci ya yi. Ba a faɗi wata ba, ba a faɗi shekara ba. Aka yi ta jira har 2024, sai mutane suka lura sababbin kwalaye suna zuwa babu tambarin. An cire shi shiru, ba sanarwa. A ƙarshen wannan shekarar aka fito da PS5 Pro a kan dala 699, ita ce ke iya nuna 8K ɗin a wasanni ƙalilan, kuma wurin saka faifai ma sai an saye shi daban.

Ni abin da ya fi ba ni dariya, gida nawa ne ma ke da talabijin ɗin da za ta nuna 8K? Amma tambarin ya yi aikinsa, ya sa kwalin ya yi kwarjini a ido.

Haka batun ma'ajiya. An rubuta gigabayit 825, amma in aka kunna ta, abin da ya rage na zuba wasanni bai wuce 667 ba, sauran na'urar ta riƙe don aikin kanta. Ga shi wasu manyan wasannin ɗaya kaɗai yana cin sama da 100. Kamfanin ya nuna cewa akwai gurbin da za a ƙara ma'ajiya a ciki, kuma gaskiya ne akwai. Sai dai a rufe gurbin ya zo, bai fara aiki ba sai Satumba 2021, bayan wata goma.

Akwai kuma wadda ta fi shafar aljihunki kai tsaye. Kafin fitowar PS5, shugaban sashen PlayStation na lokacin, Jim Ryan, ya yi hira inda ya nuna cewa su sun yi imani kowane zamani da na'urarsa, sabuwa ta zo da abin da tsohuwa ba za ta iya ba. Jama'a suka fahimci cewa manyan wasannin da ke tafe sai a sabuwa. Bai faɗi hakan ƙarara ba, bai kuma hana a fahimci hakan ba. Daga baya Spider-Man: Miles Morales ya fito har a PS4. Horizon Forbidden West da Gran Turismo 7 da God of War Ragnarök, duk a 2022, su ma haka. Wasan ƙwallon nan da yaranmu suka fi so, wanda aka sani da FIFA kafin a sauya masa suna zuwa FC a 2023, shi ma FC 24 da FC 25 duk sun fito a PS4. Wato yaron da ya ce miki tsohuwar ta mutu, shekaru bayan haka tsohuwar tana nan tana buga ƙwallon da yake so.

Kada ki ɗauka halin kamfani ɗaya ne. Microsoft na Amurka, masu Xbox, su ma suna da nasu kason. Xbox Series X ta fito a Nuwamba 2020 da hoton jarumin wasan Halo a bayan kwalinta, domin an tsara sabon wasan zai fito tare da ita. Watanni uku kafin ranar aka ɗage shi. Wanda ya saya don wannan wasan sai da ya jira Disamba 2021.

Wanda ya fi ciwo shi ne na 2013. A lokacin sun fito da Xbox One tare da wata kyamara mai suna Kinect, wadda ke ganin motsin mutum tana jin muryarsa. Suka dage cewa ita da na'urar ɗan juma ne da ɗan jummai, ba a raba su, don haka farashin ya kai dala 499, alhali PS4 tana 399. Mutane suka biya. Ba a cika wata takwas ba kamfanin ya lashe amansa: a Yuni 2014 ya fara sayar da ita babu kyamarar, a kan 399. A 2017 aka daina ƙera kyamarar gaba ɗaya. Waɗanda suka yi rige-rigen saye a farko su suka yi asarar dala ɗari a kan abin da aka ce musu shi ne makomar wasa.

Wani lokaci ma ba alkawari ake fasawa ba, abin da ke hannunki ake karɓewa. PS3 ta farko, ta 2006, tana cin faifan PS2, abin da ya sa iyaye da yawa suka ga ba za a yi asarar tsofaffin faifai ba. Samfuran da suka biyo baya aka cire wannan. Tana kuma da damar a saka mata manhajar Linux ta yi aiki kamar kwamfuta. A Afrilu 2010 Sony ya aiko da sabuntawa ta intanet da ta goge wannan damar daga na'urorin da mutane suka riga suka saya da kuɗinsu. Wanda ya ƙi karɓa, ba shi ba wasa da wasu ta intanet. Sai da aka kai ƙara kotu a Amurka, aka yi shekaru, kafin kamfanin ya yarda ya biya diyya kaɗan.

Google kuwa cewa ya yi ba ma sai an sayi na'ura ba. A Nuwamba 2019 ya buɗe Stadia, inda wasan ke gudana a kwamfutocinsu can, hoton kawai ke iso wa mutum ta intanet. An yi maganar 4K, an ce 8K na nan tafe. Ranar 18 ga Janairu 2023 aka rufe ta ɗungurungum. A yi musu adalci, sun mayar wa mutane kuɗinsu. Amma ba kowane kamfani ne ke da aljihun Google ba.

To me ya sa suke haka? Ba lallai ne a ce mugunta ba ce. Ana fara tallar na'ura tun tana hannun injiniyoyi, wasannin ma ba a gama su ba. Kowane kamfani yana so ya riga abokin hamayyarsa shiga gidaje, domin ribar gaske ba a na'urar take ba, tana cikin wasannin da za a yi ta saye da kuɗin rajistar wata-wata na tsawon shekaru. Wanda ya shiga gidanki ya zauna ke nan. Shi ya sa ake zaɓen kalmomi masu santsi: "nan gaba kaɗan", "har zuwa kaza", "a shirye take da kaza". Duk ranar da kika ga "har zuwa", ki sani an faɗa miki ƙololuwa ne, ba abin da za ki riƙa gani kullum ba. Lauyoyinsu sun duba kowace kalma. Ɗanki kuwa da zuciya ya saurara.

Sannan akwai abin da ya keɓanta da mu. Waɗannan alkawuran ba da gidan Kano ko Maraɗi aka yi su a rai ba. An yi su ne ga gidan da wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma ba a ƙirga shi da gigabayit. Ki tuna yadda kike lallaɓa datar wayarki, sannan ki auna wasan da ke buƙatar sauke gigabayit 50 ko 100, bayan shi kuma sabuntawa na biye. Samfurin da ba ya cin faifai, irin PS5 mai rahusa ko Xbox Series S, ya fi araha a ranar saye, amma komai sai an sauko da shi. Yaro ba zai ari faifan abokinsa ba, ba zai sayi na hannu ba, ba zai sayar da wanda ya gaji da shi ba. Shagon intanet na PlayStation ma ba shi da reshen Najeriya ko Nijar, shi ya sa za ki ga yara suna buɗe asusu da adireshin Amurka ko Ingila, suna sayen katin kuɗi da dala ko fam. In kuma yana son buga ƙwallo da abokinsa da ke wani gari, wannan ma sai da rajista ta daban da ake sabuntawa.

A da akan ce a yi haƙuri shekara biyu farashi zai sauko. Wannan karon bai sauko ba: Sony ya ƙara kuɗin PS5 a ƙasashe da dama a Agusta 2022, ya kuma ƙara dala 50 a Amurka a Agusta 2025. Don haka ba zan ce miki jira yana kawo rahusa ba. Abin da jira ke kawowa shi ne gani da ido. Bayan shekara ɗaya, an san wane alkawari aka cika, wanne ya bi ruwa.

In maganar ta taso a gidanki, kada ki fara da faɗa. Ki tambaye shi sunan wasa uku da yake son bugawa. Ku duba tare a wayarki: sun fito, ko za su fito? Akwai su a tsohuwar na'ura? Nawa ne nauyinsu? In ya ce wani yana nan tafe, ki ce masa ba a cinikin biri a sama, in ya fito a sake zama. Kina cikin dubawar, ki kai idonki kan lambar shekaru da ke jikin faifan, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18. God of War ɗin da na ambata a sama na 'yan 18 ne, komai roƙon da zai yi.

In kawunsa ne ko babansa zai yo tsarabarta daga Dubai ko Saudiyya, ki aika masa saƙo tun kafin ya shiga shago: mai cin faifai, da hannu biyu don kada a yi rigima da ƙani. In ta hannu za a saya a kasuwa, a jona ta a gaban mai shagon, a saka faifai, a buga na rabin awa a ga ko tana zafi ko tana mutuwa, a gwada kowane maɓalli na hannun, musamman sandunan nan biyu da kan fara tafiya da kansu in sun tsufa.

Wadda ta riga ta saya, ki faɗa mana a ƙasa wacce kika saya, da abin da take ci miki a wata tsakanin data da man janareta.