Zoben aro ba ya ɗaura aure a dokar Yahudawa

Ka biya kuɗin shinkafa buhu hamsin, ba ka kwashe ba, cikin dare gobara ta cinye sito. Asarar wa? Duk wanda ya daɗe a kasuwa, a Kumasi yake ko a Yawunde, ya san wannan tambaya tana raba aminai.

Malaman Yahudawa sun daɗe da zama a kanta. A littafinsu na Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, biyan kuɗi kaɗai ba ya mayar da kayan ɗauka su zama naka. Sai ka ja su ko ka ɗaga su. Wannan aiki da ke tabbatar da mallaka suna kiransa kinyan. Dalilin da Talmud ya kawo shi ne ya fi burge ni, don mai shi ya san halin ɗan kasuwa: in kaya sun zama naka tun suna ɗakin mai sayarwa, ranar da wuta ta kama ba zai wahalar da kansa wajen ceto su ba. To, a bar asarar a wuyansa har ka kwashe. Wanda kuma ya janye bayan kuɗi sun shiga hannu, kotu ba za ta tilasta shi ba, amma za a karanta masa la'ana.

Da irin wannan ido suke kallon zoben aure. Ango yana sa wa amarya zobe a manuniyar hannun dama, gaban shaidu biyu, kuma da karɓarsa ne ƙullin yake tabbata. Saboda haka dole zoben ya zama mallakar ango. In na aro ne, babu abin da ya ba ta. In na kakarsa ake so a yi amfani da shi, sai a ba shi kyauta tukuna. Ƙimarsa ba sai ta yi yawa ba. Mabiya Hillel sun ce ko darajar feruta ɗaya, ƙaramin kwabonsu, ta wadatar.

Sannan bisa al'ada ba a sa masa dutse mai daraja. Dutse yana ruɗin ido, amarya za ta iya zaton na miliyan ne alhali kwalba ce, kun ga yardarta ta ginu a kan kuskure ke nan. Haƙƙoƙinta kuwa ana rubuta su a takardar da ake kira ketuba, shaidu su sa hannu.

Sun kuma yarda al'adar 'yan kasuwa tana ƙulla ciniki. Dillalan lu'ulu'u a Antwerp da New York suna gamawa da musafaha da faɗin "mazal u-braka", wato sa'a da albarka. Mu kuwa in mai kaya ya ce maka "albarka", sai ka ƙara kuɗi.