Tsakanin Larabci da Ingilishi: Kowane Nassi da Irin Tarjamarsa

Alƙali a kotun shari'a ta Ƙaraye ko Rogo yana sauraren ƙara da Hausa, ya kafa hujja da Larabcin Mukhtasar na Khalil ko Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim. Idan ɗaukaka ƙara ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara, sai a mayar da kundin shari'ar zuwa Ingilishi. A wannan gaɓar ce haƙƙin mutane yake rataya a wuyan mai fassara.

Nassin fiƙihu ba ya yafe sassauci, domin kowane isɗilahi yana ɗauke da hukunci. Saki na kome da khul'i duka rabuwar aure ne, kuma Ingilishi yakan haɗa su a kalma guda. Amma a na farko miji yana da damar mayar da matarsa cikin idda. A khul'i kuwa mace ce take fansar kanta da dukiya, kuma a mazhabar Malikiyya saki ne ba'ini, babu kome sai da sabon ɗaurin aure. Mai fassarar da ya shafe wannan bambanci ya sauya hukunci bai sani ba. Shi ya sa ya fi dacewa a bar lafazin Larabcin yadda yake, a biyo shi da bayani. Matsalar tsohuwa ce: littafin F. H. Ruxton na 1916 kan dokar Malikiyya, wanda jami'an mulkin mallaka suka dogara da shi, taƙaitawa ce daga fassarorin Faransanci na Mukhtasar, wato hannu biyu ke nan tsakanin mai karatu da Khalil.

Alƙur'ani mai girma kuwa sha'aninsa daban ne. Malamai sun tafi a kan cewa ma'ana ake fassarawa, lafazin ba ya ƙaura. Pickthall ya sanya kalmar ma'ana a sunan fassararsa ta 1930, haka ma Shaikh Abubakar Mahmud Gumi a tasa ta Hausa.

Nassin tarihi yana da nasa tarkon, kuma ya fi ɓoyuwa. A 1908 H. R. Palmer ya buga fassarar Ingilishi ta Tarihin Kano. Asalin Larabcin yana faɗar tsawon mulkin kowane sarki ne. Palmer ya yi lissafi da baya ya sanya shekarun Miladiyya, har ya ba Bagauda 999 zuwa 1063, Yaji kuma, wanda Wangarawa suka zo a zamaninsa, 1349 zuwa 1385. Yau ɗalibai da yawa suna naƙalto waɗannan shekaru kamar marubucin asali ne ya rubuta su, alhali ijtihadin mai fassara ne, wanda masana tarihi suke da ikon karɓa ko gyarawa.