Jarin Maigida, Ƙafar Yaro: Shiga Fataucin Shanu da Kuɗin Wani

'Yan'uwa fatake, duk wanda ya san tarihin Nima ya san shanu ne suka kafa ta. A shekarar 1931 ne Malam Amadu Futa, wani bafataken shanu, ya sami filin daga gidan Odoi Kwao na Osu domin kiwon dabbobinsa. Yau babu wurin ɗaure ko maraƙi a Nima da Mamobi, babbar karar shanu tana can Tulaku kusa da Ashaiman. Amma tambayar samarinmu tana nan yadda take: ina zan sami jari?

Banki dai jingina yake so, kuma shanun da ke cikin mota tsakanin Paga da Ankara ba jingina ba ne a wurinsa. A Amurka akwai masu kuɗi da ke zuba jari a sababbin kamfanoni ba da sunan bashi ba, sai don su sami kaso. In kamfani ya mutu kuɗinsu ya tafi, in ya tashi su ci riba. Gwamnatin Gana ma ta kafa asusu irin wannan a 2004, wato Venture Capital Trust Fund. To, mu wannan ba baƙon abu ba ne. Shi ne ƙiradi da malamanmu ke karantarwa a Risala: maigida ya ba da kuɗi, yaro ya ba da ƙafa da ido, a raba riba.

Abin da ke ɓata shi, shiga da ka ba sharaɗi. Ga abubuwa huɗu da ya kamata a tsayar kafin a ƙirga kuɗi.

Na farko, a faɗi rabon riba da kaso, rabi ne ko sulusi. Kada a ce "kowace tafiya ka kawo mini kaza". Wannan ya tashi daga ƙiradi.

Na biyu, asara ta mai kuɗi ce, shi yaro wahalarsa ce ta faɗi. In sa ya mutu a mota ba da sakaci ba, ba a bin yaro bashi. Amma in ya cusa shanu fiye da kima, ko ya bi hanyar da aka hana shi, to ya ɗauka. Kuma ba a raba riba sai uwar kuɗi ta dawo cif, an fitar da kuɗin mota, la'adar dillali, takardun likitan dabbobi da guzurin hanya.

Na uku, maganar bashi. Kowa ya sani mahauta ba kasafai suke biya nan take ba, sai sun yanka sun sayar. Yaro ba shi da ikon ba da shanun jari bashi sai da izinin mai kuɗi. Saboda haka a sauka wurin maigidan da ya san mahautan kara ɗaya bayan ɗaya, wanda zai tsaya in an yi gardama.

Na huɗu, da wane kuɗi ake lissafin jari? Ana saye da sefa a Pouytenga ko Fada N'Gourma, a sayar da sidi a Tulaku. Sefa tana ɗaure da yuro, sidi kuwa kasuwa ce ke juya ta. A watan Disamba na 2022 tsadar kaya a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari, kuma a wasu watannin shekarar, wanda ya jira mahauci wata guda ya ga ribarsa ta narke wajen canji. Sefa ma ba ta tsira ba, don a Janairun 1994 an rage darajarta da rabi dare ɗaya. In ba a ambaci kuɗin lissafi tun farko ba, rigima na nan tafe.

Kai saurayi, fara da 'yan kawuna kaɗan a motar wani, ka dawo da lissafi a rubuce ko ba a tambaye ka ba. Kai kuma Alhaji, kada ka ɗora wa yaro ɗaya dukan jarinka, kuma in ya yi tafiya uku lafiya ka ƙara masa kaso, don gobe shi ma maigida ne. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu, ko da ɗan cikinka ne.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.