Wa ke kula da ƙananan manhajojin kwamfuta?

Igor Pavlov, ɗan ƙasar Rasha, ya fitar da 7-Zip a 1999, kuma har yau shi ke kula da wannan manhaja mai matse fayiloli. Kyauta ce, ba ta da nauyi, aikinta kuwa babu wasa. Sai dai ba ta sabunta kanta. Idan an toshe wata ɓaraka ta tsaro, mai kwamfuta ne zai nemo sabon bugu da kansa.

Shahara ma ba kariya ba ce. A 2017 masu kutse sun cusa muguwar manhaja cikin CCleaner 5.33, shahararriyar manhajar share tarkacen kwamfuta, mutane sama da miliyan 2 suka sauke ta.

Kafin a sanya irin waɗannan manhajoji a kwamfuta, a duba yaushe aka yi musu gyaran ƙarshe, kuma ko mai su yana amsa koken jama'a.